Amsa ga Malam mai son jinginar da takardar gida

Malam, ka ce ruwan damana ya kada maka ɗaki biyu, kana tunanin ba da takardar gida jingina ka sake gini. Don Allah kar ka yi. In biya ya makara wata biyu, sai ka ji ana zancen sayar da gidan.

Gara uwargida ta nemi rance a asusun Mata Masu Dubara. Nan jihar Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991, kuma ba sa karɓar takardar gida. Kuɗin kaɗan ne, na sani, amma ya isa siminti na tushe. Ka ɗaga tushen sosai, tunda ruwa kan gangara wajen Gulbi. Sama kuwa tubalin ƙasa ya wadatar. Ku kira gayya ku yashe magudanar unguwa kafin Yuni.