Ciwon ɓarin kai ya koma min kullum, magani ya daina kama ni

Tambaya:

Salam likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 29, yarana biyu. Tun ina sakandare nake fama da ciwon kai gefe ɗaya, idan ya tashi sai yana sara min har cikin ido, ga tashin zuciya, ko hasken waya bana son gani. Da can sau biyu yake zuwa a wata musamman gab da al'ada, amma yanzu kusan kullum sai na sha Panadol Extra ko haɗin kemis, kuma duk sanda naje sai ace maleriya ce da taifot a min allura. A gida wasu na cewa iska ce. Wani lokacin kafin ya fara ina ganin walƙiya-walƙiya a idona. Ina shan ƙwayar tsarin iyali ko tana da alaƙa? Na gaji wallahi.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika kwatanta shi ya yi kama sosai da maigiren, wato ciwon ɓarin kai, duk da dai tabbacin sai likita ya zauna dake ya auna jininki ya duba idonki. Amma kafin in shiga maganar ciwon akwai abinda ya tsaya min a rai cikin saƙonki, wato walƙiyar nan da kike gani haɗe da ƙwayar tsarin iyali. Idan ƙwayar taki mai sinadari biyu ce, wadda akwai istirojin (sinadarin jikin mace mai alaƙa da al'ada) a ciki, to bata dace da mace mai irin wannan alamar ba, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kada ki tsorata, amma kuma kada ki jira sai katin ya ƙare, ki ɗauke shi ki kai sashen tsarin iyali cikin satin nan ki faɗa musu kina ganin walƙiya kafin ciwon kai, za su canza miki da wadda babu istirojin, ko allurar wata uku, ko na damtse, ko robar mahaifa.

Shi maigiren ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga kai da fuska, kuma yawanci gado ne, idan kika bincika zaki samu Hajiyarku ko wata gwaggo tana ɗaure kai da ɗankwali tamau ta shige ɗaki ta ja labule. Yana ɗaukar awa 4 har zuwa 72 idan ba a sha magani ba, kuma mata sun fi maza samunsa kusan ninki uku, shi yasa naki ke bin al'ada, saukar istirojin a jiki gab da zuwan jini ce take tayar dashi. Ita kuma walƙiyar, wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon ke ganinta, takan ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya ta wuce. Wannan gane-ganen ne yake sa a gida ace iska ce. Ki riƙe azkar ɗinki da addu'a, babu wanda zai hana ki, sai dai ciwon nan sananne ne a asibiti kuma yana jin magani.

Maganar maleriya da taifot kuwa tana min ciwo gaskiya. Mace ta yi shekara goma da ciwon kai iri ɗaya, gefe ɗaya, babu zazzaɓi, amma duk wata a ɗirka mata allurai da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta, bayan kwana biyu ciwon ya lafa don dama lokacin tafiyarsa yayi, sai ace ai kinga allurar tayi aiki. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan. Idan babu zazzaɓi kuma ba a ga maleriya a gwajin jini ba, kada ki yarda a miki.

Yanzu ga inda nake ganin matsalarki take. Ciwon da yake zuwa sau biyu a wata ya koma kullum, kuma kullum kina shan magani, to akwai yiwuwar maganin ne da kansa yake riƙe miki ciwon. Haka abin yake, wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma haɗaɗɗen magani irin mai kafeyin (sinadarin da ke cikin shayi, kofi da goro) a ciki kamar Panadol Extra, ko kodin da tiramol, kwana 10 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, ƙwaƙwalwarsa takan saba, da zarar maganin ya sake shi sai kan ya dawo, musamman da asuba, sai ya ƙara sha, a haka ake ta zagaye. Shi haɗin kemis ɗin nan da ake ƙulla miki a leda ma bakisan me ke ciki ba, ki daina karɓa gaba ɗaya. Mafita ita ce a dakatar da maganin, kuma bazan ɓoye miki ba sati ɗaya zuwa biyu na farko kan zai fi da ciwo, har da rashin bacci da tashin zuciya, a nan ne mutane da yawa suke karaya su koma, amma idan kika daure cikin wata ɗaya zuwa biyu yawanci sai kiga ciwon ya koma asalinsa na jefi-jefi. Ki zaɓi lokacin da akwai mai kama miki yara da girki. Idan kuma akwai tiramol ko kodin cikin abinda kike sha to kada ki yanke lokaci ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali.

Bayan nan sai ki koyi yadda ake tarar ciwon. Kuskuren da aka fi yi shine a yi ta daurewa sai kai ya kai maƙura sannan a sha rabin magani. Maigiren kamar gobara yake, tun tana ƙarama ake kashe ta. Da kin ji ya fara, cikin awa ɗaya na farko, ki sha cikakken awo, ibufurofen miligiram 400 zuwa 600, ko asfirin 900, ko farasitamol 1000, da ruwa kofi guda. Mai olsa ko ciwon ƙoda ta bar ibufurofen da asfirin, mai ciki kuma ta tsaya a farasitamol har sai ta ga likita. Lokacin da kan ke ciwo, ciki baya narkar da abu da sauri, shi yasa mukan haɗa da maganin amai irin metokulofaramaid miligiram 10, yana kwantar da tashin zuciyar kuma yana taimaka wa maganin ya shiga jiki. Daga nan ki samu ɗaki mai duhu, ki ajiye waya, ki ɗora tsumma mai sanyi a goshi ko ƙeya, idan bacci ya ɗauke ki to madalla, sau da yawa shi yake ƙarasa aikin. Idan waɗannan basu kama ki ba akwai sumatiriftan wanda don maigiren aka yi shi tun farkon shekarun 1990, ana shan miligiram 50 zuwa 100, amma da takardar likita, domin bai dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki. Duk wanda kika sha dai ki tsaya a kwana biyu cikin sati, kada ki koma gidan jiya.

Mai irin naki yawan ciwon tana buƙatar maganin rigakafi, wanda ake sha kullum ko kai na ciwo ko baya yi. Furofaranolol da amitiriftilin sune muka fi farawa dasu, basu da tsada kuma ana samunsu, na farkon ba a ba mai asma, na biyun da dare ake sha don yana sa bacci da bushewar baki. Akwai tofiramet da balfuro'et amma idan kina shirin ƙara haihuwa ki faɗa tun farko, suna iya cutar da jariri a ciki. A ba maganin wata biyu zuwa uku kafin ace bai yi ba, kuma idan kwanakin ciwon suka ragu da rabi to nasara ce babba. Tun 2018 an fito da sababbin allurai na wata-wata a Amurka da Turai, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Ki samu ɗan littafi ko kalandar waya ki riƙa rubuta ranar da ya tashi, me kika sha, da ranar al'ada, shi zaki kai wa likita. A nan zaki gane masu tayar miki dashi, don kowa da nasa. Wata yunwa ce, ta wuni tana aiki sai la'asar ta tuna bata karya ba, wata ƙishirwa da rana, wata turaren wuta ko humra mai ƙarfi a gidan biki, wata kwana kan waya har ƙarfe biyu. Mai shan shayi ko kofi ko cin goro kullum idan ta rasa rana ɗaya kan zai sara, shi yasa farkon azumi yake wa masu ciwon nan wuya, dabarar ita ce ki fara rage shayin sati biyu kafin watan ya kama, ki jinkirta sahur, ki sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da kwanciya. Kada kuma ki haramta wa kanki abinci goma don wata tace, sai wanda littafinki ya nuna.

Sai kuma ciwon kan da ba a zama dashi a gida ko da mutum ya saba da maigiren. Wanda ya faɗo lokaci ɗaya cikin minti guda da tsananin da baki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman a watannin zafi da sanƙarau ke yawo, ko hannu ko ƙafa ya mutu, baki ya karkace, magana ta harɗe, ko walƙiyar ta wuce awa ɗaya bata tafi ba, ko mai ciki ta ji kai na sara ga dishi-dishi ga kumburin fuska, duk waɗannan asibiti ne a take ko da tsakar dare ne. Naki kuwa ki fara da ƙwayar tsarin iyalin cikin satin nan, ki haɗa har da ledar haɗin kemis ɗin ki nuna wa likitan ya ga abinda kike sha.