Teburan tele sun yi mini kwantai, wane girma zan riƙa ajiyewa?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan ɗaki kusa da Kasuwar Dole, a nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Ya ce bayan kaka ya sa kafinta ya yi masa manyan teburan tele guda 6, masu tsawon santimita 180, irin waɗanda ake gani a hotunan waya. Kowanne ya ci masa jaka 80 ta sefa. Yau wata 5, guda ɗaya kawai ya fita. Mutane na shigowa su shafa, su yaba, su tafi. Yana so ya san ko farashin ne ya yi tsada, da kuma girman da ya kamata ya riƙa ajiyewa.

Malam, Allah ya ba da kasuwa. Ni ban ga laifin farashinka ba tukuna. Wanda ya shafa kaya ya yaba, ya fita bai ko taya ba, galibi ba kuɗin ne suka kore shi ba. A ransa ya kai teburin ɗakinsa, ya ga babu inda zai zauna. Da tsada ce matsalar, da ka sha tayi, ko da na wulaƙanci ne.

Ka tuna irin ɗakunan da kayanka ke shiga. Ɗakin amarya mai mita 3 da mita 4, an sa gado mai faɗin santimita 180, an sa durowar kaya, ga kwabar jere, ga kujeru. Bangon da ya rage wa tele sau da yawa bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma ƙofa za ta buɗe ta ci wani abu a ciki. Sannan akwai hanyar shiga. Duk wanda ya taɓa kai kaya cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san yadda lungu ke matsewa, ya san zauren da ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, sai an karya kwana. Tebur mai tsawon mutum, a haɗe da manne da ƙusa, ko dai ya ƙi shiga ko ya shiga da rauni a gefe. Masu falo mai faɗi suna nan a sababbin unguwanni, amma ba su ne ke cika maka shago kullum ba.

Yanzu bari mu yi awo, don a nan ne masu saye da masu sayarwa ke ruɗewa. In aka ce tele inci 43 ce, ba faɗinta ake nufi ba. Ana auna allon ne daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Faɗin na gaskiya ya fi haka ƙanƙanta. Mai inci 32 faɗinta wajen santimita 73 ne, mai inci 43 wajen 97, mai 50 wajen 112, mai 55 kuwa wajen 123. Ka rubuta waɗannan a kwali ka manna a bangon shago, yaronka ma ya haddace. Teburin ya ɗara tele da kamar santimita 10 a kowane gefe, domin telen yanzu da yawa ƙafafu biyu gare su, can kusa da baki, kuma yaro mai gudu ko mai shara bai kamata ya goge ta da kafaɗa ba. Ka ga ke nan tebur mai 180 na mai tele inci 65 ne zuwa sama. Mutum nawa ne cikin masu zuwa wurinka ke da irinta? Kai ka fi ni sani.

Ɗakin ma yana da ta cewa game da girman telen. Abin da aka saba bi shi ne tazarar mai kallo ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na awon allon. Mai inci 43 na son mita 1.6 zuwa 2.7. A ɗakin da tsakanin kujera da bango bai wuce mita 2 ba, inci 32 ko 43 ne daidai, teburinsu kuma ƙarami ne.

Tsayi ma abin lura ne, kuma hotunan waya za su yaudare ka a kansa. An tsara su ne don masu zama kan kujera kaɗai. Mu kuwa maigida na kan kujera, uwargida da yara na kan tabarma ko darduma, kwanon tuwo a tsakiya. Idon mai zaman kujera na wajen mita ɗaya daga ƙasa, na mai zaman ƙasa wajen santimita 70. Ana so tsakiyar allo ta zo kusa da saitin ido. Tsayin santimita 50 zuwa 55 ya raba gardama. In ya haura 70, na ƙasa za su gama kallon labaran Télé Sahel da ciwon wuya. Zurfi kuma santimita 40 ya isa. Teburan da masu zurfi sosai an yi su ne don tsohuwar tele mai ƙusumbi, yanzu cin fili kawai suke yi.

Ga inda awo ke komawa kuɗi, kuma nan nake so ka zauna da kafintanka da fensir. Fallen katakon da ake wannan aiki da shi, ko filawud ko MDF (garin katako da aka matse ya zama falle), yakan zo da faɗin santimita 122 da tsawon 244. In tebur mai tsawon 120 da zurfin 40 za a yi, ana yankawa a kwance, falle ɗaya ya ba da gunduwa 6. Sama, ƙasa, kanta ta tsakiya, sai gunduwa ɗaya a raba ta biyu a yi gefuna: 4 ke nan. Falle biyu sun fitar da gangar jikin tebur uku, ban da ƙofofi da bayansa. Amma da zarar mai saye ya ce a ƙara masa kaɗan ya kai 130, to ya wuce faɗin fallen, dole a yanka a tsaye, gunduwa 3 kacal za a samu. A tebur uku, santimita 10 ta cinye ƙarin falle guda. Shi ya sa nake cewa 130 da 140 girman asara ne, sai dai in mai shi zai biya bambancin. Ƙaramin mai 80 kuwa, falle ɗaya na ba da gunduwa 9, kusan babu abin zubarwa.

Saboda haka, da ni ne kai, girma biyu zan riƙa ajiyewa. Mai 120 shi ne jigon shago: yana ɗaukar inci 32 da sarari, ya ɗauki 43 daidai, dikoda kuma ta zauna a kantar tsakiya. Sai mai 80 ko 90 don ɗakin gwauro, ɗalibi, da mai shayi ko mai aski da ke son ɗora inci 32, ko da yake ba zai bar santimita 10 ɗin a kowane gefe ba. Babba mai 160 zuwa sama a bar guda ɗaya na gwaji, duk mai so ya ba da kafin alƙalami, aƙalla kuɗin katako, sannan a yanka. Kuma a yi shi gida biyu ko uku da ake haɗawa da kusoshi masu murɗi a can ɗakin, ya wuce zaure lafiya, adaidaita ma ta iya ɗauka.

Mu ƙaddara babban na ba ka ribar jaka 25, na tsakiya kuma ya ci jaka 30 ya ba ka ribar jaka 7. A ido babban ya fi. Amma jaka 80 ɗin da ta kwana wata 5 don ta haifi 25, da a na tsakiya ka zuba ta, ko da biyu kawai ke fita a wata, ka ga jaka 70. Ka sa lambobinka na gaskiya a madadin nawa ka gani. Wata asarar kuma ba ta fitowa a littafi: katako da hannayen durowa da ake kawowa daga Kano farashinsu na motsi da canjin naira da sefa, kai kuma jarinka na tsaye bai bi kasuwa ba. Ga ƙurar hunturu na dusashe fenti, ga zafin bazara na ɗaga fatar da aka manna a gefe.

Guda 5 ɗin da suka rage, kada ka jira su kawo ribar da ka ƙudurta. Ka bar ɗaya na gwaji. Sauran ka ɗauki hotonsu da awonsu a rubuce, ka sa a WhatsApp, ka kai wa masu sayar da manyan tele su nuna wa duk wanda ya sayi inci 55 zuwa sama, ka yanka musu la'ada. Ka leƙa masaukan baƙi da ofisoshi. Wanda ya taya ya kai uwar kuɗi, sallama masa. Amma don Allah kada zafin kwantai ya sa ka bayar bashi, domin tebur a shago ya fi tebur a gidan wanda ba ya ɗaga waya. In kafinta ya duba ya ga za a iya rage biyu su koma 120 ba tare da sun lalace ba, a rage.

Abu na gaba shi ne yadda kake tarbar mai saye. Yawancin masu sayen kayan jere iyaye mata ne da gwaggwanni, kuma sau da yawa ba su ga ɗakin angon ba. Kafin ka faɗi farashi ka tambaya: Hajiya, tele inci nawa ce, kuma bangon nawa ya rage bayan gado da durowa? In ba a sani ba, ka tura yaro da tef a kan kabu-kabu, ko su auno da igiya su ƙulla. Kuɗin wannan zirga-zirgar bai kai na dawo da kaya ranar jere ba, ga ɓacin rai a gaban dangi. Ka tambayi irin ginin ma. Mai bangon siminti zai iya kafe tele a bango, ƙaramin tebur na dikoda ya ishe shi. Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe ƙarfen rataya da aminci, a nan tebur ne zai ɗauki nauyin duka, sai ka ba shi mai ƙwari.

Ka ce wa kafinta ya sa ƙafafu masu ɗaga teburin kamar santimita 8 zuwa 10 daga ƙasa. MDF in ya sha ruwan goge daɓe kumbura yake yi, ba ya komawa, kuma gara ta fi samun katakon da ya kwanta a ƙasa. Ya huda baya don wayoyi da iska, saboda dikoda a rufaffen gida cikin zafin watan Afrilu da Mayu wahala take sha. A gidan da ke da yara masu rarrafe, ka haɗa musu da ɗan maɗauri da za a ɗaure tele da bango ko da teburin.

Daga gobe ka ajiye littafi a kan kanta. Duk wanda ya tambayi teburin tele, ko ya saya ko bai saya ba, a rubuta incin telensa da faɗin bangonsa. Kafin bukukuwan gabanin azumi su kankama za ka tara abin da zai nuna maka nawa za ka sa a yanka na 120, nawa na 80, sai ka kai wa kafinta odar da wuri, tun layi bai yi tsawo a wurinsa ba.