Ɓera ya ci wayar intanet ɗina, na ɗaure da salatif amma gudu ya ragu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ja wayar intanet daga rauta (na'urar da ke rarraba intanet) a falo zuwa ɗakina ta cikin silin, kusan mita 25. Ɓera ya gwaguye ta a tsakiya, sai na fere wayoyin na murɗa su da hannu na naɗe da salatif. Yanzu tana kawowa amma kwamfuta tana nuna 100 Mbps, alhali da 1000 take nunawa, wani lokacin ma sai ta ɗauke gaba ɗaya. Rautar ce ta lalace ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka taɓa rautar tukuna. Ka samu wata gajeriyar waya mai lafiya, ka kai kwamfutar kusa da rauta ka jona, in ta nuna 1000 toh rauta lafiyarta lau, matsalar tana cikin silin ɗinka.

Wannan 100 ɗin da kake gani shi ne ya tona asirin. Cikin wayar akwai ƙananan wayoyi 8, an murɗe su bibbiyu. Gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, masu ruwan lemo da korayen, amma 1000 sai dukka takwas ɗin sun kai, kaga ke nan in shuɗiyar ko mai ruwan ƙasa ɗaya ta saki a wurin ɗaurin nan sai na'urorin su koma 100 da kansu. Ɗaukewar da take yi kuma alamar wata wayar tana taɓawa tana saki ne, rana ta yi zafi a silin salatif ya saki jiki shi ke nan.

Kuma ko duk sun haɗu ma, ɗaurin hannu bai dace da wannan wayar ba, ba wayar fanka ba ce. Murɗin nan da kamfani ya yi shi ne yake hana sigina shiga juna, kai kuma ka warware shi.

Abin da za ka yi, ka yanke wurin da ɓeran ya ci ka jefar, ka sa wa kowane ɓangare sabon kai na RJ45, wato ɗan kan robar nan da ake sokawa a ramin kwamfuta ko rauta, sannan ka haɗa su da ɗan kofla, wani ƙaramin akwati ne mai rami gaba da baya, masu kayan kwamfuta suna sayarwa. Wajen sa kan, ka fere rigar waje kaɗan, ka jera su kamar haka daga hagu zuwa dama, tsinin kan yana sama, ƙarafunansa suna kallonka, ɗan maƙalin yana ta baya: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan shi ne tsarin T568B, amma ka leƙa kawunan da ke can ƙarshe ka tabbata irinsa aka yi musu. Kar wurin da ka warware ya wuce milimita 13, ka daidaita bakinsu, ka tura sosai har sai ka hango jan ƙarfen kowacce ya taɓo ƙarshen robar kafin ka matse da filayar kirimfin, wato filayar matse kan waya. Nan ne mutane suka fi faɗuwa wallahi, waya ɗaya ta tsaya a baya ba a lura ba.

In ka samu testa, wato na'urar gwada wayar intanet, ka gwada, fitilu za su riƙa kamawa 1 zuwa 8 a jere, wadda ta tsallake ita ce mai laifin.

Ni dai in ni ne, tunda mita 25 ce kawai, sabuwar wayar intanet nau'in Cat6 zan ja gaba ɗaya, don ɓeran da ya ci wuri ɗaya da wuya a ce nan kaɗai ya tsaya. Ka duba kar a ba ka mai CCA, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare ta. Ka zura ta cikin fayif na roba, ka nisanta ta da wayar wuta, kuma don Allah ka kashe wutar gidan kafin ka hau silin.