Riƙe kuɗinki, je ki auna jini tukuna

Tambaya: Anti, ni da ƙawata rana ɗaya muka fara atisayen gudun dogon zango, yau wata huɗu ke nan. Ita tana cinye kilomita 10 ba wani haki, ni kuwa a na shida nake dafe gwiwa. Na ga ana tallar gwajin ƙwayoyin gado a intanet, wai ki aika yawu a gaya miki irin atisayen da ya dace da jikinki. In saya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki saya.

Gado na da hannu, wannan ba musu. A binciken HERITAGE da Claude Bouchard ya jagoranta a Amurka da Kanada, mutum 481, maza da mata, sun yi mako 20 suna tuƙa keken motsa jiki bisa tsari ɗaya. Wasu iskar da jikinsu ke iya amfani da ita ta ƙaru da fiye da lita guda a minti, wasu kuwa kusan suna nan inda suke. Kimanin kashi 47 cikin 100 na bambancin a jinin gida yake. Sai dai ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki suna da ɗimbin yawa, masu tallar kuwa 'yan tsiraru suke dubawa, irin su ACE da ACTN3. Tun 2015 masana suka fitar da matsaya a mujallar British Journal of Sports Medicine cewa irin wannan gwaji ba ya da amfani wajen tsara wa mutum atisaye.

Ni zargina ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin ƙarfe. Mace mai gudu tana rasa shi ta al'ada duk wata, kuma tana iya yin ƙasa da shi alhali PCV ɗinta, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, lafiya lau. Ki nemi a auna miki feritin, wato awon da ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Kada ki kama shan ƙwayar ƙarin jini da ka, sai likita ya ga sakamakon.

In ba ki san jinotayif ɗinki ba, haɗa da shi. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, tana gudu sarai, amma ta kiyayi takura kai cikin zafin rana ba ruwa.

In duk sun fito daidai, ƙara rana ɗaya a mako, gudu a hankali wanda za ki iya hira a cikinsa. Ki riƙa rubuta lokacinki a littafi, bayan mako shida ki sake rubuto mini.