Me ya sa 'yan tseren ƙanƙara ke musayar layi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a tseren maza na mita 10,000 kan ƙanƙara (na zamewa da takalma masu ƙarfe a ƙasa), a gasar Olamfik ta hunturu, ake sakin mutum biyu-biyu, kuma suke ta musayar layi.

Ai ba da juna suke tsere ba, da agogo suke yi. Kowa lokacinsa ake rubutawa, sai kowa ya gama a ga wanda ya fi sauri. Zagayen filin mita 400 ne, ka ga sau 25 ke nan za su kewaya. Layin ciki ya fi na waje gajarta a kwana, shi ya sa kowane zagaye sai sun canza layi a miƙaƙƙen ɓangaren baya, don kada a cuci wani. In suka iso wurin tare, wanda ya fito daga waje shi ake ba hanya.

Kuskure a nan kuwa ba ya gyaruwa. A gasar Olamfik ta Bankuba, a ƙasar Kanada, a 2010, Sven Kramer na Holan ya fi kowa sauri, amma kocinsa Gerard Kemkers ya nuna masa layin da ba nasa ba. Aka soke sakamakonsa, Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu ya tafi da zinaren. Ni dai kocin na fi tausaya wa.

In za ka kalla, nemi tseren Nils van der Poel na Suwidin a Bejin 2022: minti 12 da daƙiƙa 30.74, a duƙe, hannu a baya, kamar mai yawon shan iska.