Tambaya da Amsa: Shin injin fotokofi yana riƙe takardun da aka buga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da ofis a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Za mu sayar da tsohon injinmu mai bugawa da fotokofi da sikanin, mu sayi sabo. An ce mini takardun marasa lafiya suna nan a cikinsa. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ba a yi miki ƙarya ba. Ƙananan firinta na gida galibi suna mantawa da aiki da zarar an kashe su, amma manyan injinan ofis suna da faifan ajiya irin na kwamfuta, kuma hoton shafin da aka kwafa yakan zauna a kansa. Ko injin ya nuna an goge, sau da yawa sunan fayil ɗin kawai ya cire, ana iya dawo da sauran da manhaja. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injina 4, ya tarar da bayanan lafiyar mutane a cikin na kamfanin inshora na Affinity Health Plan. A 2013 kamfanin ya biya kimanin dala miliyan 1.2 kan wannan sakaci.

Kafin injin ya bar ofis, ki shiga saitin mai kula da shi, ki nemi umarnin da ke rubuta wasu lambobi a kan duk faifan, don kada a iya dawo da tsofaffin bayanan. A injinan kamfanin Xerox ana kiransa Image Overwrite, a na kamfanin Ricoh kuma Erase All Memory. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, don haka a tayar da janareta, kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Sannan a share jerin adireshi da kalmar sirrin imel da ta Wi-Fi, waɗanda mutane suka fi mantawa da su. Idan injin ba shi da wannan umarni, mai gyara ya ciro faifan a gabanki, a huda shi ko a farfasa, mai saye ya sa sabo. Kada ki yarda da "zan goge a shago".

Sabon injin kuwa, ranar da aka kawo shi ki canza kalmar sirrin da ya zo da ita, domin sau da yawa ta kamfani tana nan a littafin jagora a intanet. Ki kunna saitin da ke kulle bayanan faifai ta yadda ba za su karantu ba in an cire shi, ki kashe Wi-Fi Direct (hanyar da waya ko kwamfuta ke haɗuwa da injin kai tsaye) in ba a amfani da shi, kuma mai haɗa muku intanet ya tabbatar ƙofa ta 9100, wato hanyar da injin ke karɓar aikin bugu ta cikinta, ba a buɗe take ga mutanen waje ba. Ki tilasta bugu da lambar sirri: takarda ba za ta fito ba sai mai ita ya tsaya a gaban injin ya danna lambarsa. A ganinmu wannan ya fi komai amfani a asibiti, don sakamakon gwajin da ya kwana a kan tire kowa na iya karantawa.

Takardun da suka lalace wajen bugu kada su shiga kwandon shara, daga nan ne suke ƙarewa a hannun mai ƙosai ko mai tsire. A sayi injin yanka takarda mai yanka tsaye da kwance, na matakin tsaro na P-4 (mai mayar da takarda ƙananan gutsattsari), domin takardar da aka yanka dogayen ziri kawai ana iya sake harhaɗa ta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma asibitin ne za a tuhuma idan suka fita.