Sautin waƙa ta intanet bai fita ba: ta ina zan fara gyara?

Malam, ka ce kana shirin sayen DAC mai tsada (na'urar da ke mayar da waƙar dijital sautin da lasifika za ta iya fitarwa) saboda sautin bai gamsar da kai ba. Dakata tukuna.

Fara da lasifikar. Janye ta daga jikin bango da lungu, don a nan kaurin sauti ke taruwa ya dagula komai. Ɗaga ta daidai kunnenka. Labule da kafet suna rage amsa-kuwwa. A ganina wannan ya fi sabuwar na'ura tasiri.

Sai saitin manhajar: zaɓi inganci mafi girma. Manhajojin sauraron waƙa irin su Tidal da Apple Music suna ba da inganci matakin CD. Amma Bluetooth yakan matse sauti, gara Wi-Fi ko kebul.

DAC sai idan na yanzu yana huci ko tsuwa.